Katin da Muryar Malam Take Ciki

Bayan rasuwar Malam, maigidana, abin da na fi ɓoyewa shi ne wani ɗan katin rakoda da bai kai farcen babban yatsana ba. Wani ɗalibinsa, manomin albasa daga Jiga Birni, shi ya kawo mani ranar addu'ar bakwai, naɗe cikin takarda. Duk azumi Malam yakan bar mu a Jega ya tafi Maiyama tafsiri, wannan bawan Allah kuma yana biye da shi da 'yar rakoda yana ɗauka. In Malam ya dawo yakan karɓi rakodar ya kwana biyu da ita a gida. Saboda haka ba karatu kaɗai ke cikin katin ba. Har da ni a ciki, lokacin da nake ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙaƙe ina tuntuɓe, shi yana dariya yana gyara mani.

Shekara biyu ban iya saurare ba. Da zuciyata ta ɗan kwanta, sai na ba ɗiyata, wadda take karatun kwamfuta a Aliero. Ta fari ce, ba na kama sunanta. Da hantsi ne, muna zaune a inuwar rumfa ina tsince shinkafa, ta sa katin a kwamfutarta.

Sai abin ya tsaya cik. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, fararen rubutu suka zubo, wani ɗan haske yana ƙiftawa a gefe. Ta danna nan, ta danna can, babu motsi. Ta kashe ta kunna, ta sake sa katin, aka sake yin haka. Har sau uku. Ban san lokacin da faifan ya zame daga cinyata ba, kaji suka taru a kan shinkafar ina kallonsu. Tunanina ɗaya, na ajiye muryar mutumin nan har ta ruɓe a hannuna.

Washegari na kai wa mai gyaran waya a kasuwar Jega ba tare da na gaya mata ba. Ya ce a goge komai, katin zai dawo sabo. Na tambaye shi muryar fa, ya ce ai ita ce za ta tafi. Na karɓi abina na koma gida.

Da na faɗa mata, sai ta dafa ƙirji. Ta zaunar da ni ta yi mani bayani da abin da na sani. Ta ce a cikin katin akwai jeri, kamar rajistar ajinmu, wanda ke nuna inda kowace murya take. Wani wuri a jerin ya lalace. Amma laifin ba na katin kaɗai ba ne. Can cikin kwamfutar akwai uwar tsarin, wadda komai ke tafiya a kanta, ita ce take faɗuwa in ta iso wurin.

"Inna, in kin iske albasa guda ta ruɓe a rumbu, rumbun kike ƙonewa?"

Na ce a'a, fitar da ita ake yi.

"To wagga ba ta san hakan ba. Da ta gan ta sai ta faɗi ta suma."

Na ɗauka kamfani za a kai ƙara. Ta ce tsarin da take aiki da shi mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina shi tare, kuma duk wanda ya ga ɓaraka yana iya rubuta masu. Ta ɗauki hoton fararen rubutun nan da wayarta, ta kwafe su, ta bayyana abin da ta yi daki-daki, ta aika. A raina na ce wa zai kula da mu. Kwana biyu sai ga amsa. Wani mutum da bai san ko ina ne Jega ba ya gode mata, ya ce a aiko masa da kwafin katin ya gwada.

Nan na ce ban yarda ba. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ban ɗaga ba, amma na ce hirata da mijina ba za ta shiga kunnen wani ƙato ba, ko da katin zai mutu. Ba ta ja da ni ba. Ta koma Aliero, ta yi kwanaki, ta dawo ta ce ta sami hanya. Ta cire jerin kaɗai, babu murya ko ɗaya, kamar a aika da rajista a bar ɗalibai a gida. Na sa ta rantse mani, sannan na yarda.

Mutumin ya sake rubutowa. Ya ce yadda jerin ya karye, kamar ana cikin ɗauka wuta ta yanke. Ko an san abin da ya faru? Ɗiyata ta ce ba ta sani ba. Ni na sani, ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Ranar da ɗalibin ya kawo katin ya gaya mani cewa Malam yana tsakiyar fassara bayan la'asar ya kife. Shi kuma ya saki rakodar ya ruga ya tare shi, ta faɗi, baturan suka watse. Abin da muka gaya wa yara shi ne ya kwanta rashin lafiya a can.

Na faɗa mata a tsaye, a bakin madafa. Ta daɗe tana kallona.

"Ashe yana magana anka ɗauke shi," in ji ta.

Sai da ta share fuska sannan ta rubuta masa cewa batir ne ya fita.

Gyaran da ya aiko, da ta nuna mani, bai fi layi huɗu ba. Na yi ta dubansa. Abin da ya hana ni cin abinci mako uku ke nan. Ta ce yanzu uwar tsarin za ta duba kafin ta taka, in wurin ya lalace ta sanar, ta wuce. Ta haɗa gyaran, aikin ya ci mata yini guda. Da la'asar ta kira ni, ta sa katin.

Na rufe ido. Ba abin da ya mutu. Ta ce guda ɗaya ce ta ƙi buɗuwa, ta ranar ƙarshe, sauran duk suna nan. Kafin komai ta kwafe su wuri uku, ta rubuta wa mutumin cewa gyara ya yi, shi kuma ya ce za a sa shi ga kowa. Ta ce watakila a iya tono wani abu daga ta ƙarshen. Na ce ta bar ta yadda Allah ya bar ta.

Ta tambaye ni wacce za ta kunna. Na matso, na karanta jerin da kaina, na sa yatsa a kan wata. Sai na ji gyaran murya, irin nasa, sau biyu, sannan ya ce, "To, ɗaliba, sake daga farko."