Tsattsewar Kaka Tursunoy

Kakata Tursunoy, in ka gan ta sai ka ce iska za ta ɗauke ta, amma ba a taɓa kayar da ita a gardama ba. Tun tana amarya aka kawo ta ƙauyenmu kusa da Margilan, ta haifi bakwai, ta binne miji, ta tsinci auduga har bayanta ya lanƙwashe. Abin da aka san ta da shi kuwa ƙofar ɗakin baƙinta: daga bayan Nawruz, bikin shigowar bazara, har a gama cin kankana, ba mai rufe ta. Saboda tsattsewa.

Duk shekara suke dawowa kan azara ɗaya a ɗakin, namijin mai dogon wutsiya ya fara iso, sai matar. Su yi ta jigilar laka daga bakin kwata suna liƙa tsohuwar sheƙa. Kaka ta kafa musu katako a ƙasa don kashi, amma ni dai na sha wanke darduma har na gaji.

Bana Baffa Ergash ya karɓo tsutsar siliki fiye da kullum. Ita kuwa wannan tsutsa sarauniya ce: sai ɗaki rufe, sai ɗumi, sai a ba ta ganyen bishiyar tut safe da yamma, kuma tana girma tana neman fili. Ta cika ɗakin girki, ta cika nawa. Saura ɗakin baƙi, ga 'ya'yan tsattsewa sun ƙyanƙyashe, baki wangale.

Baffa ya shigo da doguwar sanda yana sosa ƙeya.

"Inna, in ba a ƙara musu wuri ba za su mutu. Tsuntsu ai ya sake gini a rumfa."

"Kai ma ai ka sake gini a rumfa," in ji Kaka, tana zuba shayi.

Matarsa Mastura ta ce, "Inna, ku yi haƙuri, ko an bar ƙofar a buɗe ma, cinye mana tsutsar za su yi."

Na ce, "Anti, kin taɓa ganin tsattsewa ta sauka faranti? A iska take cafke ƙudanta. Ta fi wasu aiki a gidan nan."

"Ke uwar surutu, da ke ake?" Baffa ya ce. "Inna, sanyi ne matsalar. Ƙofa a buɗe, tsutsa ba za ta yi ba."

Kaka ta shanye shayinta, ta tashi ta naɗe katifarta, ta jawo ta tsakar gida kan gadon katako, ƙarƙashin rumfar inabi.

"Ga ɗakina, zuba su."

"Ba zai isa ba, Inna."

"Ai naku ya fi girma."

Wa zai kwana a ɗaki uwar miji na waje?

Haka muka koma tsakar gida gaba ɗaya, an jera katifu kamar a tasha. Baffa ya yi ta ƙunƙuni wai gidan ubansa ya zama na tsutsa da tsuntsu. Amma tsutsar ta yi saƙa fara tas, 'yan tsattsewa kuma suka fito suka jeru kan igiyar shanya, iyayen na ɗura musu a baki. Uwar ma har ta sake yin ƙwai.

Da muka kwashe katifu za mu koma ciki, Kaka ta ce a bar tata, waje ya fi mata iska.