Wadda Ta Saƙa Majanyin

Lokacin zafi ne, irin zafin Doha da bai yi kama da bazarar gida ba. A gida komai zafin rana akwai gindin darbejiya. Nan kuwa idan ka buɗe ƙofa sai ka ji kamar an ɗage maka murfin tukunyar tuwo. Wata huɗu na yi a shekarar a gidan babbar 'yata a Madinat Khalifa, hawa na uku, kuma yawancinsu tsakanin kujera da sallaya na yi su, sanyin esi yana cin gwiwoyina. Ba a rasa komai a gidan ba, amma shekarar ƙunci ce. Ita kullum a gaggauce take, ni kuma kullum a zaune.

Malama ce a wata jami'a a Doha. Tarihi take koyarwa, sai dai ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Nata na sutura ne da kayan aikin hannu: wa ya saƙa, wa ya rina, wa ya zana, wa ya ɗinka. Tun tana karatu a gida aka fara yi mata dariya. Wani malaminta ya taɓa ce mata in zannuwa take so ta tafi layin 'yan atamfa. Ba ta ji ba. Ta tafi Ingila ta yi shekaru tana bincike a gidajen ajiye kayan tarihi, ta dawo a fusace. Ta ce kowane ƙyalle na ƙasarmu da ta gani, an rubuta sunan Baturen da ya saya, wani ma har da na dillalin da ya kai masa, amma matar da ta zauna wata guda tana saƙawa, ko alamarta babu. A kan wannan ta rubuta littafi sukutum. A kansa kuma dangin ubanta suka sa mata 'yar feminis, suna faɗa kamar sunan cuta. Ni ban taɓa tanka musu ba. Na dai san tun tana ƙarama in aka ce mata "an yi", sai ta ce wa ya yi.

A shekarar aka ba ta wani zaure ta baje kolin aikin hannun mata, na ƙasar tamu da na Larabawan nan. Ta ce wannan karon ba za a rataya ko zare ɗaya ba sai da sunan mai shi a gefe. Shi ya sa kafin in taso ta yi ta jaddada mini a waya in zo mata da majanyin da aka goya ta da shi.

Surukata ce ta saƙa shi, uwar maigidana, Allah ya jiƙansu su duka. Iya muke ce mata, yaro da babba. Ita ta gurje audugar, ni na taya ta kaɗi ina da ciki wata bakwai, ta kai zaren aka rina, ta kafa masaƙarta a jikin bangon ɗakinta. Fari ne da ratsin shuɗi, bakinsa da tufka. Iya ta rasu yarinyar ba ta cika shekara uku ba.

Kwana biyu da zuwana, muna cin abincin rana, ta jawo biro ta ce, "Umma, mene ne ainihin sunan Iya?"

Na ce, "Iya."

"A'a, sunan yanka."

Na ci gaba da cin abincina.

Ta san dalili sarai. A wurinmu mace ba ta ambaton sunan surukarta, kamar yadda ba ta kiran na mijinta, kamar yadda ita kanta mai tambayar ban taɓa kiran nata ba don ita ce ta fari. Ta ɗauka dai abin na gaban mutane ne. Ta sauke murya ta ce, "Umma, mu biyu ne a ɗakin nan. A Doha muke. Wa zai ji?"

Na ce, "Ni zan ji."

Ta yi dariya, ta ce to khalas, shi ke nan, za ta tambayi gida. Ta buga wa 'ya'yan baffanninta waya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ba ta suna, wancan ya ba ta wani daban, na ukun ya ce shi bai san Iya tana da wani suna ba. Waɗanda suka sani duk ƙasa ta rufe su. Ni ma sau ɗaya tak na ji shi. Wata tsohuwa ce, ƙawar Iya ta ƙuruciya, ta zo daga ƙauyensu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙwala mata kira da shi. Iya ta fito da gudu kamar budurwa, har kallabinta yana zamewa. Ni kuwa na shige madafa na yi kamar ban ji ba.

Daga nan aka shiga dabaru. Ranar Juma'a ta zauna a gabana da takarda ta ce, "Ba sai kin faɗa ba. Zan riƙa karantowa, in na zo kansa ki gyaɗa kai kawai." Ta jero sunayen matan Annabi da na 'ya'yansa, ta jero na ranakun mako, ta koma ta sake. Wuyana har ya ƙage don kada in motsa bisa kuskure.

Ta ce, "Umma, ko tari ne ki yi mana."

Na ce, "Babu shi a ciki."

"To da wane harafi ya fara?"

"Ke da kike dakta, ki bincika."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan. Sunan irin na mutanen da ne, kalma ce da ake amfani da ita kullum a cikin gida. Shekara arba'in da wani abu ina kauce mata, ina kiran abin da wani suna daban, a gaban yarinyar nan, safe da yamma. Ta iya duban ƙyalle ta ce an saƙa shi kafin a haifi kakanta, amma ba ta taɓa lura akwai kalmar da uwarta ba ta faɗa ba.

Kwanaki suna ta tafiya. Masu buga takardun da za a liƙa gefen kayan, wani shago a Al Mirqab, suka ce Alhamis ce rana ta ƙarshe. Ranar Talata ta dawo daga aiki a gajiye, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Umma, kin san shekara nawa na yi ina faɗa da mutane a kan abin nan? Na tsaya a gaban Turawa na ce musu sun goge sunayen iyayenmu. Yanzu in rataya na kakata babu suna? Su sun goge, ku kuma kun taya su da kunya. Kunyar nan ita ta binne mata da ransu."

Ban iya cacar baki ba, ban taɓa iyawa ba. Na dai ce mata a hankali, "Baturen bai rubuta ba don bai tambaya ba. Ni ban faɗa ba don ta fi ƙarfin bakina. Kada ki haɗa ni da shi."

Ta ce, "To amma a jikin bango duk ɗaya ne, Umma."

Na tashi na shiga ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi wa Iya wanki, na yi mata tsifa, da ciwo ya kwantar da ita ni na riƙa juya ta. Yau a ce ni na binne ta.

Washegari da la'asar ta leƙo ta ce, "Yalla, Umma, zo ki ga wurin, ko kya sha iska." Sulhu take nema, na sani. Na yafa mayafina muka tafi.

Zauren babba ne, ga fitilu, ga sanyi. An shimfiɗa saƙar matan Larabawa, ja da baƙi, kowace da 'yar takarda a gefe. Can a tsakiya na hango majanyin a cikin gilashi, an miƙar da shi kamar wani abin sarauta. Na gane wurin da zarena ya yi kauri, inda Iya ta ce mini hannuna yana barci. Majanyin ma da tasa takardar ta gwaji. Na matsa in karanta. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, ina da 'ya'ya biyar, kuma Hausa kawai aka koya mana. Wannan Turanci ne da Larabci.

Na ce, "Me aka sa a nan?"

Ta ce, "An sa: ba a san wadda ta saƙa ba."

"Wa ya ce ba a sani ba?"

"Haka ake rubutawa in babu suna."

"Ai ƙarya ce. Ga ni a tsaye."

Ta buɗe hannuwa.

Muka shiga mota. Ina ta juya abin. Ashe shirun da na yi na shekara arba'in, in aka fassara shi, abin da yake zama ke nan. Baƙo zai zo ya tsaya ya karanta cewa ba a san ta ba, matar da duk unguwa ke durƙusa mata. Kuma ranar da ni ma ƙasa ta rufe ni, maganar za ta zama gaskiya. Duk da haka da na gwada ɗauko sunan a bakina, a ɓoye, sai harshena ya ƙi. Na ji haushin yarinyar, na ji haushin takardar, na ji haushin kaina.

Da safe bayan na yi sallar asuba, ita tana wanka, na yago takarda a littafin da ke kan teburinta, na ɗauki bironta. Faɗin sunan aka hana mu. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in rubuta, don sanda aka kafa dokar ba a zaci irina za ta riƙe biro ba. Sai dai akwai matsala. Yadda aka koya mana, ba na iya rubuta harafi sai na furta shi, baƙi da wasali, ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗora biron na ji leɓuna sun fara motsi. Na tsaya. Na kamo gefen hijabina na cusa a baki na cije. Haka na rubuta shi, harafi biyar, na ukun ya karkace na sake bi ta kansa. Na ninke takardar biyu, na sa ta ƙarƙashin makullin motarta, na shiga kicin na ɗora ruwan shayi.