Riyal Ɗaya na Mukhtaru Mai Harami

Duk wanda ya san layin 'yan yadi na unguwar Rusaifa a Makka ya san Mukhtaru mai sayar da zannuwan harami, ya kuma san halin da ake yi masa tsiya a kai: ba ya karɓar kyauta. Ko shayi maƙwabci ya aiko masa, sai ya mayar da kofin cike da dabino. Shekarunsa saba'in da biyu. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu, kuma idan ka tambayi lafiyarsa sai ya ce babu abin da ya rasa sai gwiwa.

Halin na gado ne. Mahaifinsa Ja'afaru ya baro Kano a ƙasa zai je Makka, ya yi shekara tara a kan hanya a garin Umdurman yana dako a shagon wani Bayahude mai yadi, kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa. Bayahuden nan yakan yini yana jayayya a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Amma in idinsu ya zo zai sayi wani lemo da suke ibada da shi, farashin da aka fara faɗa shi yake biya, babu tayi. Da Ja'afaru ya tambaya, sai ya ce malamansu masu ilimin ɓoye sun koyar cewa abin ibada ba a karɓarsa a banza, ba a kuma yin ciniki a kansa. Abin da ya zo kyauta, rai yana cinsa ne kai a sunkuye. Ja'afaru bai ɗauki komai na addinin mutumin ba, sai wannan magana. Ita ya kawo Makka, ita ya bar wa ɗansa.

Bana Mukhtaru ya ƙudurta yin Umara a watan Rajab, kamar yadda ya saba tun yana saurayi, sai gwiwa ta ce ba da ita ba. Maƙwabcinsa Hudaifa, magidanci mai 'ya'ya uku, sana'arsa ke nan tura alhazai a keken marasa ƙarfi cikin Masallacin Harami. Ya ce zai tura shi, amma ko sisi ba zai karɓa ba.

"Aib ne, abin kunya ne, ya Ammi, baffana. Ka goya ni, yau kuma in karɓi kuɗinka?"

"To na haƙura da Umarar."

Rajab ya yi ta tafiya. Saura kwana uku, 'yarsa Hafsa ta kawo masa abincin rana shago, ta zauna a kan ƙullin yadi.

"Baba, wai tsoron Allah ne ko dai ba ka son cewa na gode?"

"Ke da aka haifa jiya, me kika sani?"

"Na san kana son ladanka cif, shi kuma Hudaifa ya tashi babu ko ɗaya."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Sai dai maganar ta tono masa wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba: yana ɗan shekara bakwai a unguwar Nakkasa, a layin abincin sadaka, mai rabo ya riƙe kwanon sai da ya maimaita godiya sau uku da ƙarfi, mutane na dariya. Shekara sittin da biyar yana jingina abin da maganar Bayahude, alhali wannan kwanon ne bai gama haɗiyewa ba.

Washegari da hantsi Hudaifa ya tsaya ƙofar shago da kekensa, Hafsa na bayansa tana ɓoye murmushi da mayafi.

"Na yarda, ya Ammi, zan karɓa. Amma dokarka na nan? Abin da aka fara faɗa, babu tayi?"

"Tana nan." Mukhtaru ya riga ya zaro riyal ɗari biyu, abin da ake biyan masu tura keke.

"To riyal ɗaya."

"Kai, ɗan nema. Wa ke tura mutum ɗawafi da Safa da Marwa a riyal ɗaya?"

"Ciniki kake yi ke nan?"

Mukhtaru ya mayar da ɗari biyun aljihu. Ya dubi Hafsa, ya gane daga inda dabarar ta fito. Ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya sami riyal guda, ya ajiye a tafin Hudaifa.

Bayan La'asar, da suka dawo daga Tan'im inda ya ɗaura harami, keken ya shiga cikin masu ɗawafi. Mukhtaru yana jin numfashin Hudaifa a ƙeyarsa, yana jiran kunyar nan ta taso. Ta zo, amma ba ta kai nauyin da yake tsoro ba. A zagaye na huɗu ya waiwaya.

"Hudaifa, na gode."

"Ka biya ai, ya Ammi. Ɗaga ƙafarka kada ta shiga taya."