Hannu a Ƙarƙashin Haɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, muna kan layin taron safe, shugaban makaranta ya sanar da mu cewa Allah Ya yi wa malamarmu ta Faransanci rasuwa wajen haihuwa.

Malama, ni ce mai in'inar nan ta kujerar baya, wadda 'yan aji suke kira Kurma. Ranar da kika kama ni da littafin soyayya a ƙarƙashin tebur, na ce yau kashina ya bushe. Sai kika duba bangon littafin kika ce, "To, ya dawo mata, ko har yanzu kuka take yi?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi.

Da aka tashi kika tsayar da ni. Kika rubuta kalmar bibliothèque a allo, wato ɗakin karatu, kika ce in karanta, ta tsaya mini kamar dutse. Kika kama hannuna kika sa a ƙarƙashin haɓata. "Kada ki haɗiye ta gaba ɗaya, 'yata, za ta shaƙe ki. Duk sanda haɓa ta taɓa hannu, gaɓa ɗaya ke nan. Ki huta, ki ɗauki ta gaba." Bi, bli, yo, tek. Kika nuna mini haruffan da ake rubutawa ba a furta su, kika ce ko a cikin kalma akwai masu kunya irina, kuma ba a korarsu.

Da haka na fara amsa tambaya a aji, hannu a haɓa, ke kuma kina jirana komai daɗewa.

Makon jiya aka yi jarrabawar baka. Malamin da aka kawo a madadinki bai san ni ba, ban ga laifinsa ba. Ya ce in sauke hannuna in yi sauri, akwai mutane a bayana. Na sauke. Gaɓar farko ta maƙale mini a wuya, ina ta kokawa da ita har ya kira na gaba. Tun ranar ban sake buɗe baki a aji ba, kuma babu wanda ya lura. Malama, wa zai sake jirana?

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa haƙurin da kika yi da mu ya bi ki. Ina yi wa maigidanki da iyayenki ta'aziyya. Jaririyar da kika bari, Allah Ya raya ta, Ya haɗa ta da mai haƙurin koya mata magana.