Ranar da na ce akwai gajiya

Shekarun baya, a ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa, na yi wani abu da har yau wasu dattawa ba su gama yafe mini ba. Ban yi sata ba, ban zagi uban kowa ba. An tambaye ni "Ina gajiya?" ne kawai, ni kuma na faɗi gaskiya.

Injin niƙa ne sana'ata. Wanda bai taɓa riƙe inji a ƙarshen shekara ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Kaka ta yi, rumbuna sun cika, an sayar da gyaɗa, to duk wani biki da aka ɗaga tun damina a lokacin ake yinsa. Ga aure, ga saukar karatu, ga kuma maƙwabtanmu na unguwar gabas masu shirin Kirsimeti, su ma da dawarsu da masararsu. Injina ne kaɗai a yankin, in ba shi ba sai mutum ya hau babur har Tofa. Tun da sassafe kwanuka suke yin layi a ƙofar rumfa. Ni ne mai tayar da inji, ni ne mai zuba hatsi, ni ne mai tara gari, ni ne kuma alƙalin mata in faɗa ya tashi a kan layi. Gari ya mayar da ni fari fat har gira. Matata ta ce in ta hango ni na doso gida sai ta yi a'uziyya tukuna.

A shekarar nan aikin ya fi ƙarfina. Hannuna ya fara rawa, in na ɗauki kwano sai hatsi ya riƙa zuba. Na fara gyangyaɗi a tsaye kamar jaki. Wata rana na juye geron wata a cikin masarar wata, na sha zagi daga ɓangare biyu. Da na ga abin ya yi yawa sai na je wurin abokina, ma'aikacin lafiya ne, na ce ya ba ni maganin ƙarfin jiki. Ya kalli idona, ya kalli hannuna, ya ce, "Ba ni da maganin da zan ba ka. Barci jikinka yake nema. Ka rufe rumfar nan ka kwanta na 'yan kwanaki. Wallahi in ka ci gaba a haka, wata rana injin nan sai ya ci hannunka."

Maganar ta shige ni. Na yanke shawara in ƙarasa abin da ke gabana ranar, washegari in sa kwaɗo.

Ina cikin ƙarasawa sai ga kawuna, yayan mahaifiyata, ya biyo ta rumfa. Mutum ne mai faɗa a ji, in ya yi tari a zaure sai a ce an yi magana. Ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Kowa ya san amsar. Ko mutum yana jan ƙafa, ko daga gona ya dawo da ƙaya a tafin ƙafa, "Ba gajiya" zai ce, ko ya ce "Gajiya ta bi lafiya." Ni ma tun ina yaro haka nake cewa, bakina ma ya riga ya buɗe don ya faɗa. Amma ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ji na ce, "Wallahi Kawu akwai ta. Akwai gajiya sosai. Gobe ma rufewa zan yi in huta."

Matan da ke layi suka kalli juna. Wata tsohuwa ta kama baki. Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya wuce.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Wai na yi kuɗi na fara girman kai. Wai Allah ya buɗa mini ina yi masa butulci. Wai an gaishe ni gaisuwar mutunci na mayar wa babba magana. Mahaifiyata ta kira ni ɗakinta, ranta a ɓace, ta ce, "Kai yanzu yayana zai gaishe ka ka ce masa akwai gajiya? Waye bai gaji ba a garin nan? Ubanka har ya koma ga Allah ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba." Na ce, "Inna, to me ya sa ake tambaya, in ba a son a ji?" Ta ce, "Gaisuwa ce, ba tambaya ba ce." Wannan maganar har yau ban manta ta ba.

Duk da haka washegari na sa kwaɗo na kwanta. Hantsi bai gama yi ba na ji sallamar kawu a ƙofar gida. Na fito na tarar da shi da mai amalanke, an loda buhuna. Walimar saukar karatun ɗansa ce ta matso, ana buƙatar garin tuwo da na kunu. Ya ce, "Ɗan abu ne kaɗan, ba zai ɗauke ka lokaci ba. In ka gama sai ka yi ta hutunka, tunda ku 'yan zamani gajiya kuke yi." Mahaifiyata tana tsaye a bakin zaure tana kallona. Kun san kara, ita ce take sa mutum ya ce "to" alhali duk jikinsa yana cewa a'a. Na ɗauki makulli na bi su.

Da mutane suka ji ƙarar inji, shi ke nan, sai ga kwanuka ta ko'ina. Ɗan abu kaɗan ya zama wuni.

Wajen azahar injin ya yi zafi, ruwan duron da ke sanyaya shi ya fara tafasa, sautinsa ya canza. Ku ji abin da ya fi ƙona mini rai a duk labarin nan. Kawu da kansa ya miƙe ya ce, "Kai, kashe shi! Kashe shi ya huta, kada ya lalace mana." Mata suka ce, "Ƙwarai, a bar shi ya huce, ai ya yi ƙoƙari." Wata har ta je ta ɗebo masa ruwan sanyi a rijiya. Aka zauna a inuwa ana hira, ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya ce inji ya yi girman kai, ba wanda ya ce ya yi wa Allah butulci. Ƙarfe ya ce ya gaji, gari guda ya tausaya masa. Ni da nake da jini da tsoka na faɗa jiya, an kai ƙarata wurin uwata.

Da ya huce na sake tayar da shi. Ba a jima ba bel ya fara zamewa daga kan ƙarfen da ke juya shi. Abu ne da na sani kamar yunwar cikina: in bel ya zame, kashe inji ake yi a gyara. Amma kaina ya yi nauyi, idona yana ganin abu biyu, ga kawu a kaina yana cewa rana tana tafiya. Na miƙa hannun dama in tura shi. Ban ma ji zafi ba da farko, ihun matan na fara ji, sannan na ga garin walima ya koma ja.

A asibiti aka ce yatsu biyu ba za su gyaru ba, aka ƙarasa cire su. Abokina ya zo ya tsaya a kaina, bai ce "na faɗa maka" ba, ya dai juya baya yana share ido.

Da na dawo gida aka fara zuwa dubiya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu, ƙaddara ce, ba ta wuce ranarta." Na yarda da ƙaddara, ba yau na fara salla ba. Amma a gaban mutanen nan na ce na gaji, da kunnuwansu suka ji. Abin da ya ƙarasa ni shi ne, kusan duk wanda ya gama addu'a sai ya ɗan gyara zama ya ce, "To yanzu yaushe ake sa ran tayar da injin? Ko akwai wanda za ka ba makullin?" Sai na gane injin suka zo dubawa, ni hanya ce kawai.

Kawu ma ya zo. Ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan bakinsa ya kufce da abin da ya saba, ya ce, "Ina gajiya?" Kafin in buɗe baki mahaifiyata ta riga ni daga bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya, ya ba ka amsa tun ran nan." Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. Daga nan ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a zaure, duk wanda ya ambaci inji sai ta nuna masa hanyar Tofa. Makullin kuwa ta ɗaure shi a bakin zaninta har na warke.

Yanzu duk ƙarshen shekara, da na ji jikina ya fara magana, ina cire bel in rataye shi a ƙofar rumfa, in sa kwaɗo, in tafi gida in kwanta. Ana gunaguni, wasu suna hawa babur su kai niƙansu Tofa, kuma ban ji wanda ya kwana da yunwa ba. Ku masu sana'ar hannu, tela ne kai ko mai walda ko mai tuyar ƙosai, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nasa ruwa. Masu cewa "ɗan abu ne kaɗan" ba za su ara maka yatsa ba.

Mutane suna cewa in yi haƙuri, abu ya wuce. Ya wuce a wurinsu. Ni kullum in zan ci tuwo sai na tuna, don har yau loma tana zame mini.

Kawu yana nan da ransa, ya tsufa, yakan biyo ta rumfa da sandarsa. Yakan ce, "Sannu da aiki, ina ga..." sai idonsa ya sauka a kan hannuna, ya haɗiye sauran. Ni kuwa ba na taimaka masa. Hannun nake ɗaga masa, in bar shi ya ƙirga.