Takardun Kawu da Lasisin Arha

Ko tsufa ya kwashe mini komai, na san abin da ya faru a shagona shekaru huɗu da suka wuce ba zai bar kaina ba. A lokacin ina da ɗan shagon buga takardu a Gwarzo: kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, sai bakina da ba ya gajiya da musu.

Manhajar da nake rubutu da ita ce ta matsa mini da neman lasisi. Na duba farashin kamfanin, na ga ya kusa kuɗin tunkiya. Sai na ci karo da wani a intanet yana sayar da lambar lasisin a kan abin da bai kai kuɗin kaza ba. Na tura masa, ya turo, na saka, ta karɓa. Ranar har tafiyata sai da ta canja.

Ɗan kawuna yana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kabo. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Da na yi masa burga da arhar da na samu, sai ya ɓata fuska.

"Lambobin nan yawanci na makarantu ne da ma'aikatu ake sacewa," in ji shi. "Ranar da kamfani ya gano, zai kashe ta."

"Ragowar lasisi ne, malam, gwanjo ne kawai. Rigar jikinka ba gwanjo ba ce?"

Mutanen shago suka fashe da dariya. Ya ce gwanjo ai mai shi ne ya sayar da hannunsa. Na ce kamfanin da ya fi jiharmu kuɗi ba zai talauce a kaina ba. Mun fi wata muna wannan musun, kullum ni ke cinyewa da baki, domin duk abin da ya faɗa wasan taubasai na ɗauke shi.

Ana cikin haka mahaifinsa, wato Kawu, ya zo daga Dugabau da wata tsohuwar gafaka. A ciki akwai takardun ajami da kakanninmu suka rubuta: wa ya haifi wa, ta ina suka biyo da shanu kafin su zauna su kama noma, har da wace mace ta shayar da ɗan wa, don kada a yi auren da bai halatta ba. Gara ta ci gefensu, in ka taɓa sai su marmashe. Ni ban iya karanta wannan hannun ba, sai shi. Mako uku yana zuwa, yana karantawa da gilashinsa mai ƙafa ɗaya, ina bugawa.

Wata rana ya tarar da mu muna musun. Ya saurara, sannan ya dube ni.

"Shi wanda ya sayar maka, wa ya tsaya masa?"

"Kawu, ai a intanet ne, ba a tsayawa mutum."

"To. Mu dai a kasuwar shanu, in ba dillalin da ya san gidan mai saniya, ko kyauta ya ba mu ba ma kama igiyar."

Na yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho, na ci gaba da aikina.

Da muka gama ya tambaye ni ko duka ya shiga, kuma ba ya ɓacewa. Na ce, "Kawu, wannan ko gara ba ta ci." Ya gaskata ni. Takardun cike suke da sunan Allah, yana tsoron gutsattsarinsu su zube a taka, sai ya yi abin da aka saba: ya ƙona su, ya binne tokar a wuri mai tsabta. Ni kuwa ban fitar da aikin a takarda ba, wai sai na gyara kurakurai. Ko hoto ban ɗauka da waya ba.

Kwana tara bayan haka lasisin ya mutu. Na yi wa mai sayarwar magana, ya turo wata 'yar manhaja, ya ce in kashe tsaron kwamfutar in saka ta. Da na kira taubashina da ya hana ni, amma ina jin kunyar ya yi mini dariya. Na saka. Kafin azahar duk fayil ɗin da ke ciki ya koma shirme, har na filashin ajiya da na bari a soke a jikin kwamfutar. Mutumin ya toshe lambata. Taubashina ya kwana biyu a kan kwamfutar, muka kai ta Kano, aka ce sai haƙuri.

Washegari bayan la'asar na sami Kawu a ƙofar gidansa a Dugabau na faɗa masa. Ya yi salati, sannan ya ce in kawo biro. Ya fara jero sunaye da ka, har ya kai kan kakan kakansa, sai ya tsaya.

"Akwai wata mata a nan," ya ce. "Mutum biyu ta shayar. Yanzu zan tuna."

Bai tuna ba. Ina kallo hawaye ya gangaro cikin gemunsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Shafi biyu muka iya ceto daga aikin mako uku, kuma kafin kaka ta zo Allah ya karɓi ransa.

Taubashina bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Tsokanata kawai ya daina. Yau in mun haɗu sai ya gaishe ni tsaf, ya tambayi iyali da aiki, kamar baƙo.

Har yanzu ina jin matasa suna wannan musun, ko halal ne ko sata, ba na sa baki sai an tambaye ni. Abin da na koya shi ne, cinye mutum da baki ba ya mayar da kai mai gaskiya, kuma wanda ba ka san wa ya tsaya masa ba, kada ka buɗe masa inda ka ajiye amanar mutane. Ni na buɗe, kuma sunan matar nan ya tafi ke nan.