Tabon Yaya Ya Koma Hagu

Mai Allura ake ce mata, ko da yake ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa. Shekara talatin ta yi tana zana sunayen manya a allunan ƙofar ofis, har ta gaji da sunaye ta koma fuskoki. Ɗakin aikinta tsohon garejin mijinta ne: tebur, taga ɗaya, da injin matsa mai hannu.

Aikin ba tsafi ba ne. Takan karci farantin jan ƙarfe da allura mai tsini, allurar ta tada ɗan tudu a gefen layin kamar garma a gona. Ta shafa tawada, ta goge da tsumma, tudun ya riƙe baƙin. Sai ta ɗora jiƙaƙƙiyar takarda ta murza injin. Abin da ke dama a faranti, hagu yake fitowa a takarda. Shi ya sa takan kalli mai zama ta madubi, don komai ya dawo mazauninsa.

Yayarta, tsohuwar ungozoma mai tabon ƙuna a kuncin dama, ta tsani hoto. Takan ce duk hotunanta wata baƙuwa suke nuna mata. Da ƙyar ta yarda ta zauna a zana ta, bisa sharaɗin in bai yi mata ba, farantin ya zama murfin tukunya. Ita kuwa ba ta magana biyu.

Wannan karon Mai Allura ta kife madubin. Sati uku tana kartar farantin, har yatsanta ya yi kanta.

Da takardar farko ta fito, gida ya taru. Mijin Mai Allura ya ce an yi wa tabon canjin wurin aiki. 'Yar Yaya ta ce ita dai wannan ba uwarta ba ce. Mai Allura ta ci gaba da wanke hannu da kananzir, ko kallonsu ba ta yi ba.

Yaya ta sa tabarau, ta kai takardar bakin taga, ta ƙare mata kallo.

"Ku rufe baki," in ji ta. "Wannan nake gani kullum a madubi in na wanke fuska. Ni ce."

Ta nemi a buga mata ashirin. Mai Allura ta ce goma, domin kowace murzawa tana danne tudun, daga nan sai dishi-dishi.

"To, goma. Amma kin ƙara min hanci, Auta."

"Yaya, hancin nan rage shi na yi."